Sanyin da Baƙuwa Ta Ƙi Ci

Washegarin ƙaramar Sallah ne, a shekarar babban fari, shekarar da aka raba mana jar dawa ta taimako. Ina tsaye a tashar motocin Arlit, lallen Sallah bai ko fara koɗewa a hannuna ba. Baba yana gabana da kwandonsa a kafaɗa, direban babbar motar da za ta bi ta Assamakka ta shiga Aljeriya ya tare masa hanya. "Gardi, kai na san ka, na kuma yarda in ɗauke ka," in ji shi. "Amma wannan igiyar ƙasa ba za ta hau motata ba, ko da ita ta saya mini tayoyin." Mutanen da suka riga suka hau saman kaya suka kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon kwandon, sannan ya sauke shi, ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai tawa, ya ɗora mini shi a ka. Ya ce, "Delu, riƙe mini Baƙuwa har in dawo. Kin san cinta, kin san ƙinta." Ya dubi Inna, mahaifiyata, ya ce ta yi haƙuri, kafin zafi ya shigo yana gida. Motar ta tashi, muna ganin hularsa a cikin kawunan mutane har ta ɓace mana.

Babana gardi ne, mai wasa da macizai, ubansa ma haka. Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram muka taso da gero ya ƙi, shanu suka faɗi. An ce mana a arewa Nasara sun buɗe ramin wani dutse mai daraja, gari na tashi a tsakiyar rairayi, ko wasa mutum ya iya zai ci abinci. Macizansa duk sun mutu a hanya, sai guda. Mesa ce ƙarama, irin wadda in ta ji tsoro take dunƙulewa kamar gammo, ta ɓoye kanta a tsakiya. Ba ta da dafi, ba ta taɓa saran kowa ba. A gidanmu ba a kiran sunan maciji, saboda haka Baba ya raɗa mata Baƙuwa. Da farko ma'aikata kan taru ranar hutu su kalle shi ya rataya ta a wuya yana kirari, yana juyi da warkinsa mai layu. Amma garin ƙarami ne a lokacin, kowa ya gani sau ɗaya, sau biyu, ya ƙoshi. Wannan ne ya sa Baba ya bi masu tafiya neman aiki.

A unguwar bukkoki muke, bayan gari. Ɗakinmu kwali ne da buhu da tano, wato duron ƙarfe, da aka fasa aka miƙe, an danne rufin da duwatsu. Babu itace, babu ciyawa, inuwa sai wadda mutum ya yi da hannunsa. Da safe nakan bi layin famfo da bido biyu, jarkokin ɗiban ruwa, mu yi ta carafke da tsakuwa muna jira, in faɗa ya tashi a kan wa ya riga wa, mu yara mu koma gefe mu ci gaba da wasanmu. In na dawo sai tsintar itacen akwati a juji, sai surfen jar dawar nan da ba ta jin taɓarya, tuwonta ya fito kamar an kwaɓa ƙasa. Amma aikina na kaina, wanda babu yarinyar da ke da irinsa a unguwar, shi ne farautar ɓera. Nakan kifa gwangwani a bayan ɗakin ajiyar hatsi na wani ɗan kasuwa, in tokare bakinsa da tsinke, in sa ɗan ƙuli a ciki. Yara suna yi mini waƙa, wai ga uwar ɓeraye ta fito kiwo. Ban damu ba. In na buɗe kwandon nan su ne ke turereniya su leƙa, su kuma ke fara gudu.

Tun ina ƙarama Baba ya koya mini cin Baƙuwa. Yakan kama hannuna ya ɗora a inda jikinta ya fi kauri, ya ce kada abin da za a ba ta ya wuce nan. Ɓera ɗaya ne, ba biyu ba. In ta ci wannan Juma'a, a tsallake mai zuwa, sai ta gaba. In ta haɗiye, ba a ɗaga ta, ba a wasa da ita, sai ƙullutun da ke cikinta ya baje. In idonta ya yi fari kamar an ɗiga masa tsala, saɓa za ta yi, ruwa kawai take so. Alamar yunwarta kuwa, da yamma za ta warware, ta bi gefen kwando tana fiddo harshe. "Sai ta tambaya ake ba ta," haka yakan ce. Babban abin da ya fi nanata mini shi ne sanyi. In sanyi ya kama, cikinta kan kwanta, abin da ta haɗiya ba ya narkewa, ruɓewa yake yi. Tana iya yin wata da watanni ba ta sa komai a baki ba, kuma lafiyarta ƙalau. A rufe ta da tsumma, a fito da ita hantsi, a bar ta.

Inna ba ta taɓa son wannan karatu ba. Ita a ƙauyenmu ta tashi a gidan da baƙo ba ya kwana da yunwa, ko da masu gida za su kwana da ita. In baƙo ya ture akushi, to, ko dai an ɓata masa rai, ko kuwa mugun labari ya zo da shi bai san ta inda zai fara ba. Ban da wannan, akwai maganar da matan gidan gardawa ke yi a tsakaninsu, wadda kakata ta gaya mata tun tana amarya: wai gardi da macijinsa ransu a ƙulle yake, abin da ya sami ɗaya sai ya nuna a jikin ɗaya. Baba yakan yi dariyar wannan, ya ce da haka ne da ya mutu sau bakwai a hanyar Agadas. Amma yanzu Baba ba ya nan, ba wasiƙa, ba saƙo, sai kwando a kusurwar ɗaki. A farkon tafiyarsa Baƙuwa ta ci sau biyu. Duk ranar da ta ci, Inna takan wuni tana waƙa a bakin turmi, ta ce wa maƙwabta, "Ya sami masauki, yana cin abinci."

Sai sanyi ya sauko. Wanda bai kwana a ɗakin kwali a Arlit ba bai san sanyi ba. Ruwan da muka bari a kwano yakan kwana ya yi kamar zai yanke yatsa. Na kawo ɓera ranar Juma'arta, Baƙuwa ko kai ba ta ɗaga ba. Ɓeran ya yi ta yawo a kanta, har ya zauna yana wanke fuska. Na cire shi na ce wa Inna sanyi ne, haka Baba ya ce. Wata Juma'ar ta zo, haka. Ta bayanta ma haka. Inna ta daina waƙa. Takan zauna a gaban kwandon ta yi tagumi, ta ce, "Baƙuwa, me muka yi miki? In wani abu kika sani, ki faɗa." Na sake gaya mata maganar Baba, har na kama hannunta na ɗora a jikin Baƙuwa don ta ji ba ta rame ba. Ta fizge hannun. Ta ce, "Ke yarinya ce. Ubanki na can cikin rairayi ba ci ba sha, kina ce mini sanyi." Akwai wata Ba'abziniya maƙwabciyarmu, tsohuwa, wadda fari ya cinye wa awaki. Ta leƙa kwandon ta ce da irin Hausarta, "Ki bar shi, shi yana barci. Na daji ma duka ya shiga rami." Inna ta yi mata godiya, amma maganar ba ta shiga ba.

Kaza ɗaya muke da ita, ƙwanta shi ne ɗan abin da ke gyara mana baki. Inna ta fara fasa ƙwan a ludayi. Takan ɗora Baƙuwa a cinya kamar jinjiri, ta buɗe mata baki da tsinke, ta ɗura. Da ƙwai ya dawo, ta ce ai ƙarni ne ba ta so, ta nemo nonon raƙumi wajen Abzinawa. Ta dama kunu mai laushi, irin wanda ake yi wa mai jego. Ina kuka ina cewa a bari, ita ma tana kuka tana cewa, "Ci, don Allah ci, ko kaɗan ne." Ba mugunta a hannun nan, Allah shaida. Rabonta na tuwo takan ture mini, ta ce ta ƙoshi, alhali ba abin da ta ci. Daga baya ta samo ɗan tsako, ta tura mata shi da yatsa har ya wuce maƙogwaro. Ranar nan Inna ta yi barci, ta ce yanzu ya samu. Bayan 'yan kwanaki Baƙuwa ta amayar da shi a ruɓe, wari ya cika ɗaki. Bakinta ya kumbura, ya riƙa kumfa, numfashinta ya koma fito.

Wata safiya na buɗe kwandon in kai ta hantsi, na tarar ta miƙe. Ita da kullum take a naɗe kamar gammo, ga ta a warware, cikinta a sama. Rakiya, jikata da ke rubuta mini wannan, ta ce in huta in sha ruwa. Ba zan huta ba, in na tsaya a nan ba zan iya ci gaba ba. Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta kwance kallabinta na Sallah ta naɗe Baƙuwa a ciki, muka fita bayan bukkoki, ta tona rami da hannunta. Da muka dawo ta cire 'yan kunnenta, ta wanke kwallin idonta. Babu wanda ya kawo mata labarin mutuwa, amma daga ranar ta zauna zaman wadda ta rasa miji.

Zafi ya shigo, Baba bai dawo ba. Wani sanyin ya zo ya wuce. Direban da ya ɗauke shi ya ce lafiya ya sauke shi, daga can ya ji an ce ya hau wata mota zuwa gaba. Wasu suka ce motar ta ɓace a hanya, wasu suka ce an gan shi a wani gari. Har yau ba wanda ya nuna mini kabarinsa. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, tana wankau, tana tuyar ƙosai a bakin hanyar ma'aikata, ta aurar da ni, ta goya 'ya'yana. Amma tambaya ɗaya ba ta sake ta ba. In muna zaune mu biyu sai ta ce, "Delu, shi ya riga ta mutuwa, shi ya sa ta ƙi ci? Ko kuwa ni na kashe ta, ya bi ta?" Kullum amsata ɗaya ce: sanyi ne, Inna, sanyi ne kawai. Takan gyaɗa kai kamar ta yarda. Ranar da za ta rasu ma ta sake tambayata.

Na daɗe ina jin haushinta a ɓoye, ina cewa da ta saurare ni da na cika wa Baba alkawari. Haushin bai bar ni ba sai bara, da maigidana ya kwanta ciwonsa na ƙarshe. Malam mutum ne mai son tuwo, in bai ga miya ta kai bakin kwano ba sai ya yi magana. Sai ga shi na kawo kunu ya juya fuska bango. Likita ya ce kada a matsa masa, cikinsa ba ya karɓa. Na ji, na kuma gane, ai tun ina yarinya na san akwai cikin da ke kwantawa. Duk da haka kowace safiya sai na sami kaina a bakin gadonsa da ludayi a hannu, ina cewa ko kaɗan ne. Wata rana ya buɗe ido ya yi ɗan murmushi, ya kira ni da sunan tsokanar da yake kirana tun muna da ƙuruciya. Ya ce, "'Yar gardi, ai ban tambaya ba." Na ajiye ludayin na fita bayan ɗaki, na yi kukan da ban yi ba tun ranar kallabin nan. Rabinsa na Malam ne, rabinsa na Inna.

Yanzu inda bukkokinmu suke gidajen ƙasa ne da na siminti, na nemi wurin da muka binne Baƙuwa ban gane shi ba. Yaran yanzu ba su taɓa ganin gardi ba, a waya suke kallon macizai. Rakiya ma ta nuna mini wani yana ba mesarsa abinci a cikin akwatin gilashi mai fitilar ɗumi, na ce da muna da wannan fitila. Motoci kuwa ba su daina tashi zuwa Assamakka ba. Wasu na dawowa cike da mutanen da aka koro daga Aljeriya, kuma har gobe in na ji an ce sun iso sai in tambayi su wa aka kawo, ko da yake na san Baba da yana raye da ya wuce shekarun tafiya. Tun da na fita takaba abinci ba ya yi mini daɗi, ga sanyi ya fara shigowa. Rakiya takan kawo kwano ta tsaya a kaina, ta ce, "Tsohuwa, ba inda za ni sai kin ci. Ko sai na kamo miki ɓera?" Ba na jin yunwa. Amma nakan dubi hannunta da ke riƙe da kwanon, in tuna da hannun Inna riƙe da ludayi. Sai in karɓa, in yi bisimilla, in kai loma.