Ari da Gwajin Akuya

Bana shekara tara ke nan da muka rufe Ari maharbi, abokina tun muna yara a Damagaram Takaya. Allah Ya jiƙan sa. Ya faɗo mini a rai ne domin lokacin farauta ya ƙarato, abokan daji suna jira in ja musu gaba kamar kullum, ni kuwa idona ya fara yi mini gardama.

Wata shekara Ari ya harbi barewa daga nesa. Da muka feɗe ta, sai ga ɗa a cikinta. Ƙaton mutum da gemunsa ya zauna a ƙasa yana hawaye. A makon ya sayar da sansa na noma, muka tafi wani kanti a Zango neman madubin hangen nesa.

Ranar mai kanti ya ga ta kansa. Ari ya ƙi gwada madubi da tsakar rana, wai a lokacin ko na wasan yara ma gwani ne. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya ja mutumin waje, ya saita garken awaki a kan dutse. Duk madubin da bai nuna masa wace akuya ce ke da ciki ba, ya mayar. Na biyar ya ɗauka, kuma daga ranar bai sake ɗana kunamar bindiga a kan dabbar da bai tantance ba.

Makon jiya na koma Zango a kan kabu-kabu. Madubin yanzu har nisa yake aunawa ya rubuta maka. Da Ari na nan, na san zai ce an auna nisa an manta da ciki. Na zaɓi mafi tsada, na jira yamma, na saita awaki. Inuwoyi kawai na gani suna motsi. Mai kantin ya karɓa ya duba, ya ce, "Baba, ga ja can mai ciki, har hantsarta ta sauko." Sai ya ƙara da cewa, "Ai ba komai, tunda yana ba ka nisa, harbi kawai za ka yi."

Raina ya ɓaci, amma ba da shi ba. Na ajiye masa madubinsa.

Ari bai bar dukiya ba, madubinsa ma ya daɗe da tsagewa. Abin da ya bar mini shi ne kunyar harbin abin da ban gani ba, kuma ita ba ta tsufa ba. Likita ya ce yanar ido ce ke damuna, ana iya cirewa. Zan je a cire. In na ga cikin akuya, in koma daji, in ban gani ba, shi ke nan.

Jiya na shafa wa bindigata mai, na naɗe ta a tsumma, na aika wa abokan daji cewa bana su tafi ba ni. Shekara arba'in ke nan ban taɓa aika irin wannan saƙo ba.