Faransancin Inna

Ni kaɗai ce a gidanmu na karanta Faransanci, a kwalejin horar da malamai, kuma ba don ina so ba, gurbin da ya rage ke nan. Da na dawo ƙauyenmu, can gefen Zakirai, babu wanda ya damu da shi sai yayana, ɗan farin Inna. Bayan an kai gero rumbu ya fara zuwa inda nake ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ya tsuguna ya ce in koya masa.

Na ɗauka gaisuwa yake so, ashe ba ita ba ce. "Yaya ake cewa ina so in tafi?" Na ce, je veux partir. Washegari ya tambayi "na gaji", daga nan sai "ina jin ƙishirwa". Ranar da ya tambayi "ina jin tsoro" sai na gane inda ya dosa. Samarin unguwarmu sun bi hanyar Agadas bara za su tsallaka hamada neman aiki, har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsu. Na ce masa j'ai peur, kuma ni ma tsoron nake ji.

A gaban Inna yake maimaita su da ƙarfi, wai bita yake yi. Inna kuwa ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, saboda kunyar ɗan fari. In ya shigo sai ta juya wajen murhu. Abin ya riƙa ba ni haushi, mutum yana gaya wa uwarsa zai bi hamada, ita tana ta tankaɗe.

Ashe ni ce ban san Inna ba. Ta ga ya sayar da ragonsa, ta ga ya sayi jarkar ruwa ya ɗinke ta da buhu. Wata rana da hantsi muna surfe, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ke, a yaren nan naku, yaya ake ce wa mutum kada ya tafi?"

"Wane mutum, Inna?"

"Tambayarki na yi."

Na ce, ne pars pas. Ta yi ta juya shi a baki, tana ɓatawa ina gyara mata. Da Hausa dai ba za ta iya gaya masa ba, ko za a yanka ta.

Ranar kasuwa ya shigo da jaka a kafaɗa, ya durƙusa a bayanta ya ce zai tafi ci-rani. Mai babur na jira a ƙofar gida, bai ma kashe inji ba. Inna tana fuskantar tukunya ta ce masa ne pars pas, daidai, babu kuskure. Ya daɗe a durƙushe, har na fara murna. Sannan ya ce, "Inna, a sa min albarka." Ya miƙe ya sa takalminsa.

Muna ji babur ya yi arewa har ƙararsa ta ɓace. Sai a lokacin Inna ta juyo ta dube ni.

"Ko dai ban faɗa daidai ba ne?"