Askar Baba da Injin Gashi

Ko gari bai waye ba ranar Alhamis muka tashi daga Zariya za mu Abuja ganin likita, ni da Baba da ƙanena mai tuƙi. Baba ya shige baya ya takure jikin ƙofa, ya ce kada wanda ya zauna kusa da shi. Wata biyu ke nan da gama yi masa gashin ciwon dajin maƙogwaro a Abuja, kuma tun da ya dawo ya ware butarsa da kwanonsa, wai akwai sauran hasken injin a jikinsa. Ga matata ta haifa mini ɗan fari, suna ranar Asabar, Baba kuwa wanzami ne, duk jaririn gidanmu shi ke masa askin suna. Wannan karon ya ce a nemo wani, ko ɗakin mai jego bai leƙa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Daga Kaduna hanya ta yi kyau, sai dai ramuka jefi-jefi da manyan motocin siminti, don Abuja kullum cikin gini take. A Tafa muka karya da waina da miyar taushe. Mai wainar ta ji za mu Abuja, nan take farashi ya ƙaru. Baba ya sha kununsa can gefe cikin kofin da ya zo da shi. Daga Zuba zuwa Kubwa muka faɗa cunkoson ma'aikata, kwandasta na ta “Oga, matsa mana!” kamar mu muka haifi go-sulon.

A asibiti likita ya duba hoto ya ce ƙarin ya motse sosai. Muka yi hamdala, amma fuskar Baba ba ta saki ba. Da na faɗi dalili, sai aka kira wata Bakatsiniya, ita ke lissafa yawan hasken da injin zai saki. Ta ja kujera ta zauna daf da shi, yana ja baya tana matsowa.

Ta ce, “Baba, hasken nan in ya shiga jiki, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki yake ɓantarowa, ilektron. Yawancinsu marasa ƙarfi ne, tafiyarsu ko kaurin silin gashi ba ta kaiwa. Sai su maƙale a zaren halittar da ke cikin ƙwayar ciwon, wanda muke ce wa DNA, su tsinka shi, ƙwayar ta kasa hayayyafa. Kafin ƙiftawar ido sun gama. Ana kashe injin, shi ke nan.”

Baba ya shafa wuyansa inda fata ta yi baƙi. Ya ce, “To wannan fa, 'yar nan?”

Ta ce, “Lafiyayyar fata ma ta ɗan taɓu, tana gyara kanta. An ce kai wanzami ne. Yaran da ka yi wa tsaga, askar na nan cikin kumatunsu?”

Ya ce, “Tana zabira.”

Ta ɗauko wata na'urar auna haske ta bi jikinsa da ita, ta bi nawa, duk ɗaya. Sannan ta miƙa masa ruwa a kofin shayinta. Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya sha.

A dawowa da kansa ya ce in koma baya kusa da shi. A Tafa ya sa hannu cikin kwanon tsirenmu, ya cinye duk masu laushin, muka yi kamar ba mu gani ba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa na ɓata wata biyu ina yi wa Baba musu, ban taɓa neman wanda zai yi masa bayani ba. Na ɗauka taurin kai ne, ashe mu yake karewa.

Ranar Asabar da hantsi ya wasa askarsa, aka miƙo masa yaron. Ya rungume shi ya ƙi fara askin, har gwaggona ta ce ruwan ya huce. Baba ya ce a sake ɗumamawa, shi bai gama gaisawa da jikansa ba.