Biyu da Minti Sha Bakwai

Da Khairat ta ga jini na tsartuwa daga ƙafar yayanta Manniru, wanda babur ya kaɗe a bakin kasuwar Masaka, sai ta sandare. Digirin da ta gama bana bai tsinana mata komai ba.

Sai ga wata siririyar dattijuwa mai sayar da manja, ɗaure da agogon maza mai ƙirga daƙiƙa. Dattijuwar ta tamke cinyarsa da gyalenta, ta dubi agogon, ta rubuta masa 2:17 a dantse da biro.

"'Yata, likita zai tambayi yaushe aka ɗaure. Kada ki ce masa ɗazu. Ɗazu tana cinye ƙafa."

Wataƙila tsohuwar nas ce. Khairat ko sunanta ba ta tambaya ba, addu'a kawai take yi mata a bakin asibiti.

Likita ya karanta lambar, ya shige da Manniru tiyata. Har yanzu ba su fito ba.