Hancin da Ya Ci Amanar Mai Jita

A ƙarshen layinmu akwai wani mai haɗa jita da ake kira Mai Hanci. Ubansa benci yake bugawa, amma shi tun yana saurayi ya ce ya fi ƙarfin benci. Shekara talatin ke nan yana cikin shagon da bai fi kejin kaji ba, yana shinshina katako kamar akuya ta ga dusa.

Wai katakon nan mai ƙamshin fure da ake yin bayan jita da shi iri-iri ne. Akwai mai duhu, mai zane kamar saƙar gizo-gizo, shi ne sarki. Akwai ƙaninsa mai ja-ja, wanda ƙamshinsa bai kai ba. Ido yana ruɗuwa, in ji shi, amma hancinsa bai taɓa ƙarya ba. Surukinsa kafinta kuwa, "mai buga ƙusa" yake ce masa.

Ran nan wani makaɗi ya zo da falanki biyu, duk sun yi baƙi don tsufa.

"Baba, ɗaya sarki ne, ɗaya ƙani. In ka raba su, jitocin ƙungiyarmu duka kai za ka haɗa."

Mai Hanci ya gyara wando. Rabonsa da babban aiki tun haƙoransa na cike. Ya zaro wani tsohon samfefa da ya sha duniya, ya goga na farko, ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Sarki!"

Ya goga na biyu da samfefan nan dai, ko kaɗewa bai yi ba. Ya shaƙa. Ya sake shaƙa. Gumi ya karyo masa.

"Ɗana, an yi maka kyauta. Wannan ma sarki ne."

Surukin, da ke jingine a ƙofa, ya tuntsure da dariya. "Yaya, garin na farko kake shaƙa a jikin na biyu! Da wannan samfefan, ko ƙofar banɗaki ka goga sarauta za ka ba ta."

"Rufe min baki, mai buga ƙusa!"

Kafintan ya ɗan kankare gefen kowanne da wuƙa, ya duba zanen a rana, ya nuna na farko, ya ce shi ne sarki. Makaɗin ya kwashi falankinsa ya bi shi.

Mai Hanci ya leƙo layi yana ce mana mura ce ta kama shi. Ko atishawa ɗaya ba mu ji ba.