Don Ba a Sace Nasa Ba, Aka Ce Shi Ne Ɓarawon

Ya Bukar ya rasu. Da safen nan labarin ya iske ni, ina bakin titi ina jiran keke.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun san a ina na gani? A gurup ɗin da kuka cire shi. An saka hotonsa, an rubuta a ƙasa wai mun yi rashin mutumin kirki. Wallahi haushin ya fi kukan yawa.

Ga wanda bai san shi ba, malamin lissafi ne. Tare muka koyar kafin a rufe makarantu a zuba 'yan gudun hijira a azuzuwanmu. Muna zaune, albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, shi ne ya tara mu a zaurensa na unguwar Mafoni ya koya mana cinikin kuɗin ƙasashen waje ta intanet. Bai taɓa cewa a biya shi ba. In janaretansa ya tashi, rabin unguwa sai ta kawo caji.

Ranar da na fara kai masa laftof ɗina, ya duba ya yi dariya ya ce wannan ai gida ne babu ƙyaure. Ya ce kafin in saka ko kwabo a ciniki sai mun zaɓi fayawol, wato mai gadin da ke tsare ƙofar kwamfuta. Ni da son banza, tambayata ta farko ita ce wanne ne na kyauta.

Bai yi fushi ba. Ya ce fayawol ɗin da ya zo a cikin kwamfutar ma in an kunna shi ya fi na sata da ake yawo da shi a fulash. Amma tunda kuɗi za su riƙa bi ta ciki, gara wanda yake duba mai fita kamar yadda yake duba mai shiga, wanda zai tambaye ni kafin wata manhaja ta aika wani abu waje. Ya ce kuma kada ya zama mai nauyi, don a garin da babu wuta batir ma dukiya ne. Ya gwada wannan ya cire, ya gwada wancan, har matarsa ta aiko mana da abinci. Ni na gaji, shi bai gaji ba.

Haka ya yi wa kowannenku. Ku ƙaryata ni in kun isa.

Sai wani babba a cikinmu ya zo da baƙo, baƙon ya zo da wata manhaja wai ita ke ciniki da kanta kana kwance. Sharaɗinta guda ne, sai an kashe fayawol za ta hau. Fulash ɗin ya riƙa yawo hannu zuwa hannu kamar butar masallaci. Kun san halinmu, abin da babba ya miƙo ba a mayarwa, ko da guba ne sai a ce an gode.

Ya Bukar ya mayar. Ya kuma rubuta a gurup cewa kada kowa ya saka. Kuka ce hassada ce, wai yana tsoron a daina zuwa zaurensa. Kafin la'asar kun cire shi.

Ni ma raina ya biya, na kira shi. Abin da ya ce da ni ke nan: "Falmata, duk baƙon da ya ce sai kin sallami mai gadi zai shigo, ai kin san abin da ya kawo shi."

Ban saka ba.

Ba a daɗe ba aka wayi gari an share asusun duk wanda ya saka. Baƙo ya ɓace, lambarsa a kashe. Na Ya Bukar da nawa da na wasu 'yan kaɗan ba a taɓa ba.

A nan ne kuka yi lissafin da garin nan ya koya a shekarun nan: in an ƙone layi aka bar gida ɗaya, to mai gidan na masu ƙonawar ne. Kuka ce me ya sa nasa ya tsira? Kuka ce ai babu laftof ɗin da hannunsa bai taɓa ba. Babu wanda ya ce wa babban nan uffan, don shi babba ne. Malamin makaranta kuka samu mai sauƙin taunawa.

Ba ku kai shi ƙara ko'ina ba, da ma hakan kuka yi da ya samu inda zai kare kansa. Baki kawai kuka saka. Ya yi sallama a majalisa a amsa ciki-ciki. Iyaye suka janye yaransu daga lesin ɗin da yake yi musu. 'Yarsa Yagana ta dawo daga islamiyya tana kuka, an kira ta 'yar ɓarawon intanet.

Da na yi magana a gurup, cewa kuka yi ai tare muka raba.

Daga ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya koma Dusuman, wajen 'yar gonar da ya gada. Mutumin da bam bai kore shi daga Mafoni ba, bakinku ya kore shi.

Bayan babbar sallah na je gaishe shi. Na same shi a gindin darbejiya, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, hawan jini ya kama shi. Muna gama gaisawa ya tambaye ni ko ina yi wa fayawol ɗin afdet, wato ina sabunta shi. Na ce yanzu Ya Bukar a wannan halin ma? Ya yi dariya ya ce ɓarawo ba ya hutun sallah. Ya sa aka ciko mini leda da kuɓewa.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya da ƙyar. Ya ce, "Ni ban damu da kaina ba. Yagana ce ta daina tambayata ko gaskiya ne. Ban sani ba ko ta yarda da ni ne, ko gajiya ta yi."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Ɗazu bayan an dawo daga maƙabarta, ɗaya daga cikinku ya tare ni a ƙofar gidan makokin. Ya rage murya ya ce, "Malama, ai tun kafin azumi muka gane ba shi ba ne. An kama baƙon nan a wani gari yana irin wannan aikin." Na ce to me ya hana ku zuwa? Ya sunkuyar da kai ya ce kunya.

Tun kafin azumi.

Ashe ranar da nake zaune da shi a gindin bishiyar nan kun riga kun sani. Kun yi azuminku, kun yi tahajjudinku, kun yanka ragunanku, Dusuman tana nan kusa, kuɗin keke kawai. Ba ku ji kunyar ɓata shi a bainar jama'a ba, sai wanke shi ne ya zama abin kunya. Ya koma ga Ubangijinsa bai san kun sani ba.

Ba zan kama suna ba, kun san kanku. Shi kam ya wuce inda bakinku zai kai. Amma Yagana tana nan, kuma jibi ake sadakar uku. Ku je. Kada ku aika saƙo, kada ku raɗa wa wani a ƙofa kamar yadda aka yi mini. Ku tsaya gaban jama'a, yarinyar nan tana ji, ku ce babanta bai ɗauki na kowa ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Bukar, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka sa abin da ya haɗiye ya zama kaffara a gare shi. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce, ya sa Yagana a ciki. Ku kuma 'yan gurup, ba na son amin ɗinku a nan. Ku kai shi Dusuman.