Yadda Aka Tsofar da Baba

A gidanmu na Gazawa, Baba bai tsufa da kansa ba, yayanmu ne ya tsofar da shi. Shekarar da Baba ya faɗi da babur a hanyar iyaka, ya fara mantuwa kaɗan-kaɗan, har ya shuka wake sau biyu a gona ɗaya. Yaya bai yi masa faɗa ba, ina, ai yaron kirki ne. Kujera ya saya masa mai shimfiɗa, ya karɓe hauyar, ya karɓe makullin rumbu, ya ce lokacin hutu ya yi. Gari duka aka yi ta sa wa Yaya albarka. Ni ko haushi ya cika ni, don mutumin da aka ce ya huta yana iya ɗaga buhun hatsi shi kaɗai. Duk damina sai ya roƙi a bar masa ko ƙaramar gonar bayan gari, Yaya ya ce sai baɗi.

Da ƙari ya fito wa Baba a wuya, ni da Yaya muka kai shi asibitin Maradi. Likitar, wata mai haƙuri, ta ce ƙwayoyin jikinsa ne wasu suka lalace, suna ta hayayyafa ba tsayawa. Maganin da za ta ba shi ba duka zai kashe ba, wasu tsofar da su zai yi da gangan. Suna nan da ransu, amma sun daina aiki, sun daina haihuwa.

Yaya ya jinjina kai, dabarar ta burge shi ƙwarai.

Baba ya ce, "To su tsofaffin, shiru suka zama?"

Likita ta yi dariya ta ce a'a, sukan dami na kusa da su. Shi ya sa masu bincike ke neman magani na biyu, wanda zai zo daga baya ya share su.

A motar komawa, bayan mun wuce garin Agye, gonaki suna ta wucewa ta taga, gero ya fara kai. Baba ya juyo wajen Yaya, ba fushi a fuskarsa.

"Na farkon dai ka ba ni, na sha. Na biyun fa, yaushe?"

Yaya ya mai da idonsa kan gonakin. Ni ce na yi kukan.